Kile Biyu, Suna Ɗaya

Har yau in na ji an ce "kile" sai ranar nan ta faɗo mini a rai. Shekarar da damina ta yi gardama ce, soja kuma suka karɓi mulki, ina mai gyara a wani ɗan siber, wato shagon intanet, a Tasawa.

Ordinatocinmu, wato kwamfutocinmu, tsofaffi ne, diskinsu duk ya mutu. Sai na zuba wani ƙaramin sistem marar nauyi a kilen USB, wato filashi. Da shi babbar na'ura take tashi, da shi take gane injin buga takarda, a cikinsa kuma muke ajiye kayan mutane. Matsalar ita ce, a Faransanci kalmar sirrin wifi ma kile ake ce mata.

Kafin in tafi Mayahi wani gyara, wata dattijuwa daga Korgom, Inna Hadiza, ta zo da wayar ɗanta. Fari ya kore shi Libiya, can ya rasu, abokan tafiya suka kawo wayar. Hotonsa ɗaya ne a duniya, yana cikinta. Tana son a buga don jikanta da aka haifa bayan tafiyarsa. Tawada ta ƙare, sai na kwafe hoton a kilen, na ce ta dawo ranar kasuwa. Ita kuma ta sayar da wayar ta sayi hatsi.

Ina Mayahi maigidana, mai siber ɗin, ya lura maƙwabta na shan rezo ɗinmu na wifi a banza. Ya ce wa Isufu, abokin aikina, ya goge kile ya sa sabo. Isufu mutum ne mai biyayya fiye da kima. Ya goge na USB.

Na dawo na tarar da allo baƙi, babu wifi, injin bugu shiru, Inna Hadiza zaune a kan benci.

"Wane kile ka goge?" na tambaye shi.

Ya nuna mini da yatsa. Maigida kuwa ya zame, wai ana kiransa a waya.

Na tada na'urar da tsohon faifan CD, na hana kowa taɓa kilen, domin abin da aka goge yana nan muddin ba a rubuta wani a kansa ba. Amma Isufu ya riga ya zuba sabbin abubuwa. Na yi ta tono har la'asar. Hoton ya fito, sai dai rabi: hula, goshi, idanu. Daga hanci zuwa ƙasa toka ce zalla.

Na sake haɗa injin, na sa sabuwar tawada, na buga, na miƙa mata ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Inna, ki yi haƙuri, iyakar abin da ya saura ke nan."

Ta daɗe tana kallo. "Ɗana, ina bakinshi?"



Ta naɗe takardar a gefen zane. "To. Jikana bakin ubanshi gare shi. Sai in riƙa haɗawa."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku goge kowane abu ku tambaya sau biyu, ku sa a nuna muku da yatsa. Sistem na mayar da shi kafin magariba. Bakin mutumin nan kuwa babu wanda zai sake ganinsa.