Ranar da Fayil Ɗinmu Ya Ƙi Buɗuwa

Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa na zamana a Sokodé, amma akwai wata Talata da ba za ta taɓa fita raina ba.

Muna da 'yar ƙungiya a unguwar Komah ta masu ba da jini kyauta. Ni ne mai ɗan sanin kwamfuta, sai na haɗa mana fayil guda da manhajar ajiye bayanai irin ta kwamfutar ofis: sunan mutum, rukunin jininsa, garinsu da lambar wayarsa. Mu uku ne a biro, wato ofishinmu, kowa na buɗe shi daga teburinsa lafiya lau. Da muka buɗe reshe a Dapaong, can arewa, na ce su ma su riƙa shiga fayil ɗin ta rezo, wato intanet. Daga baya har hotunan katin kowa muka dinga zubawa a ciki.

Wani tsohon malamina ya leƙo wata rana, ya ga yadda abin ke jan ƙafa. Ya ce, "Ɗana, wannan na mutum kaɗan ne a ofis ɗaya. Ba ya ɗaukar fiye da giga biyu, kuma in rezo ya yanke ana tsakar rubutu, yana iya lalacewa." Na ce, "To Malam, za a duba." Ban duba ba. A lokacin gani nake tunda jiya ya buɗe, gobe ma zai buɗe.

Ranar Talatar nan, bayan azahar, matar da ke riƙe da reshen Dapaong ta kira ni. "Ƙanena, wata ce ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Irin jininta mai wuyar samu ne, asibiti babu. Fayil ya ƙi buɗuwa!"

"Yaya, ba ni minti biyar."

Na gwada, na sake gwadawa, manhajar na cewa ba ta gane fayil ɗin ba. Na ɗauko kwafin da na ajiye, ashe tun kafin a shigar da mutanen arewa na yi shi. Na tuna akwai wani mahauci mai irin jinin, amma sunansa da garinsu sun ɓace mini. Yaya ta zazzage kwalayen takardun rajista a ƙasa tana bi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina riƙe da waya, ba abin da nake ji sai ƙarar takarda.

Sai bayan la'asar ta same shi. Mutumin Tandjouaré ne, ya tafi cin kasuwar Nano. Ana gaya masa ya bar namansa a kan tebur ya hau babur. Ya iso gab da magariba, ya tarar an riga an lulluɓe mai jegon.

Na je Dapaong ta'aziyya. Likita ya ce ko da jinin ya zo da wuri, ba tabbas. Mijin, yana rungume da jaririyar, ya kama hannuna ya ce, "Malam, kun yi ƙoƙari, Allah Ya saka." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Mun koma manhajar da aka yi don mutane da yawa, muka cire hotunan, kowane reshe kuma yana da sunayen a takarda. Rai na Allah ne, na sani. Amma tun ranar na koyi cewa kowane kayan aiki yana da iyakarsa, kuma in ran mutane ya rataya a kansa, wajibi ne ka san iyakar tun yana aiki, ka kuma saurari wanda ya nuna maka ita.