Ruwan Alwalar Baba

Ran nan da sassafe na wanke tsummokin yaron, na shanya su a kan darni. Daga tsohon zanen uwata anka yayyago su. Sun sha wanki har sun yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Na ɗora ruwa a murhu, na gasa masa jiki, na shafe shi da man shanu. Zawo yake yi tun jiya. Inna, uwar mijina, ta duba ta ce zafi ne kawai, in ya sha nono da yawa zai tsaya.

Tungarmu tana bayan dutse, arewa da Keita. Shekarar fari ce, bazara ta kai tsakiya. Maza sun tafi cin rani, har da mai gidana, yana can Abijan. Tsofaffi da mata anka bari. Abin da ya rage mana shi ya jawo mana: rumbunan da dattijai sunka hana a taɓa, da 'yan bisashen da ba su mutu ba.

Yaron ɗan fari ne. Ku na yanzu sai an yi muku bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ba ta ba shi nono inda ido yake, balle idon suruki. Nawa kuwa sunan surukina anka sa masa, kunya ta zama biyu. In ya yi kuka a tsakar gida, Inna ke kawo mini shi ɗaki, ta saki asabari, ta ce, "Ga baƙonki nan, ki sallame shi." Ban ɗauki wannan a wahala ba. Ado ne. Ni ɗiyar gidan kunya ce daga wajen Galma, ba a taɓa kai ƙarata ba.

Na ba shi nono kafin rana ta fito. Shi ne na ƙarshe da ya sha ya ƙoshi.

Da hantsi ina daka. Karnuka sunka fara. Jakin maƙwabta ya ɗauka. Sai wata ƙara kamar ana karya busasshen kara kusa da kunne, ta sake, ta sake. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Ban taɓa jin bindiga haka ba, sai ta mafarauta.

Masu bindigar sun shigo ta gabas, rana a bayansu. Fuskokinsu a naɗe. Kada ku tambaye ni su wane ne. Wanda ya zo wa mata da tsofaffi da bindiga saboda hatsi, ba shi da dangin da zan kira shi da su.

"Ku fito! Kowa ya kwanta!"

Inna ba ta kwanta ba. Ta je ta tsaya a gindin rumbunmu, ta buɗe hannuwa. Na ji ƙarar. Na ga ta zauna a hankali, kamar mai shirin tsince wake. Wuta ta kama jinkar ɗakin girki, ta tsallaka zuwa darni. Ina kallo tsummokina sunka naɗe, sunka yi baƙi.

Baba, surukina, ya fito da yaron a hannu, ya miƙo mini shi. Tun da anka kawo ni gidan bai taɓa duban fuskata ba. Ran nan ma bai duba ba.

"Dutse," ya ce. "Kada a waiwaya."

Na goya shi da majanyi. Da shi da tsumman da ke gindinsa da zanen jikina, iyakar abin da na fita da shi ke nan. Ko salkar ruwa ba mu ɗauka ba.

Munka hau dutse ta hanyar awaki, mu da sauran waɗanda sunka tsira. Duwatsun Adar a bazara kun san su, baƙaƙe, suna cin tafin ƙafa. Bayanmu shanu na kuka, ana kora su. Sai hayaƙi. Sai shiru.

Rana ta kai tsaka muna cikin busasshiyar ƙorama. Yaron ya yi kashi a bayana, na ji ɗuminsa yana gangara mini har ƙugu. Yana kuka, yana goga baki a kafaɗata. Gabana ya cika ya yi tauri. Baba ya gane. Ya ce wa iska bari ya hau can ya duba hanya, ya ja sauran tsofaffin maza sunka yi gaba. Na laɓe bayan wani dutse. Na kwance goyo. Babu ganye ko ɗaya a ƙoramar nan, fari ya cinye. Da yashi mai zafi na goge masa gindi, sannan da bakin kallabina. Fatar ta yi ja. Na yar da tsumman, na yagi gefen zanena na naɗa masa.

Na ɗaga riga ke nan, Goggo Dije ta riƙe mini hannu. Ita ce ungozomar tungarmu, ita ta yanke cibiyar mijina.

"Nonon rana za ki ba shi? Ga zawo, ki ƙara masa da wanga? Sai kin wanke, kin tatse na farko kin zubar."

Haka munka tashi munka tarar. Macen da ta yi tafiya cikin rana, nononta ya dafu, ba ta sa shi a bakin jariri sai ta wanke da ruwa. 'Yan likita yanzu sun ce ba haka ba ne. To, su suka sani. Ni dai ban riƙe Goggo Dije a zuci ba, abin da ta sani ta faɗa. Ruwa moɗa guda ya isa ya raba gardamar. Masu ruwan nake riƙe da su.

Na nemi miyau in shafa, bakina babu. Na mayar da shi baya.

Da azahar munka sauko wani ƙauye a bakin hanyar mota. Labari ya riga mu. Kowane gida an ja ƙyaure, an tokare. Tsoro suke kada masu bindiga su biyo sawunmu. Na tsaya a wani gida, na yi sallama ta jikin zana. Mace ta amsa daga ciki.

Na ce, "Baiwar Allah, mai goyo ce. Bayan ɗaki kawai nake so da ruwa kaɗan, in wanke ɗa in ba shi nono."

Ta ce, "Mai gida ya hana."

"Miƙo ta saman zana."

"Ya hana, na ce miki."

Ina hangen tulunta ta ramin zana, a ƙarƙashin inuwa, yana zufa. Ina jin nata jaririn yana tsotso, yana wannan gurnani na ɗan da ya samu. Mace mai shayarwa ce ta hana ni. A gidan ubana ko kare ya tsaya a ƙofa da rana sai an zuba masa a kasko. Na kusa zaginta. Na tuna Baba na tsaye a bayana, na haɗiye. Har yau yana nan inda na haɗiye shi.

Nan munka rabu da su Goggo Dije, sunka nufi Tamaske wajen danginsu. Baba ya ce ni gidanmu zai mayar da ni. Wata kamyo ta zo, babbar motar kaya, ta nufi Buza da Madawa, buhuna a ciki, mutane a kan buhuna. Baba ya tsaya a tsakiyar hanya sai da ta tsaya. Anka ja mu sama.

Maza ne zalla. An matsu, gwiwa na gugar gwiwa. Inda na samu wuri, Baba ne a gabana, ƙafarsa na taɓa tawa. Ya juyar da kai gefe, haka ya riƙe wuyansa duk tafiyar. Na dawo da yaron cinya, na yi masa inuwa da kallabi. Kukansa ya sauya. Da safe yana tsaga kunne. Yanzu ya koma kamar na ɗan kyanwa a cikin rumbu.

Ya sake yin zawo. Ruwa ne kawai, ya jiƙa ni, ya jiƙa buhu. Wani mai wando da tabarau, irin masu aikin biro, wato ofis, ya toshe hanci.

"Wagga mata ta gyara ɗanta ko ta sauka. Mutane ne a nan."

Na ce, "Kai da kana goye, turare kake yi wa uwarka a baya?"

Wasu sunka yi dariya. Ni ba dariya ta sa na faɗa ba. Ran nan Baba ya fara jin yadda muryata take in ta tashi.

Akwai bidon ruwa, wato jarka, a rataye a jikin motar, yana kaɗawa, ina jin ruwan na bugun ciki. Baba ya buga kan motar da tafi, ya leƙa wajen direba. Ya roƙa a tsaya ko gindin wata bagaruwa, a sam wa mai goyo kaɗan.

"Ruwan inji ne. Ba tsayawa."

Motar ta sha sau biyu a hanyar nan. Ina kallo anka ɗura mata, sauran ya zube a ƙasa, ƙasa ta shanye.

Rana ta karkata munka iso wani shinge. Masu kaki sunka tare mu. Su ma sun ji labari, suna neman masu bindiga a cikin waɗanda masu bindiga sunka koro.

"Kowa ya sauko! Ku zauna nan! Kada wanda ya motsa!"

A rana sunka zaunar da mu. Can gefe ga rumfarsu, ga randa, ga butoci, ga shayi a kan gawayi. Na tashi da yaron na nufi rumfar. Ɗaya ya ɗaga bindiga a gicciye. Yaro ne, bai fi ƙanena ba. Na ce masa abin da na ce wa matar can.

"Nan ba gidan haihuwa ba ne. Koma."

Na koma. Na taɓa kan yaron. Maɗigarsa ta faɗa, yatsana ya shiga ramin.

Sai Baba ya miƙe. Ya dubi rana, ya kakkaɓe riga, ya je wurin babbansu a tsanake. Ya ce la'asar ta yi, shi tsoho ne, ko za a taimaka masa da ruwan alwala. Nan take anka cika masa buta. Har da "Bismilla, Baba." Ruwan da babu shi don bakin jariri, ga shi ya samu don ƙafar tsoho.

Ya zaga bayan motar da butar. Ya ajiye ta a gindin taya. Ya tsuguna ya bugi ƙasa da tafi biyu, ya shafa fuska, ya yi taimama. Sannan ya ce wa tayar motar, da ƙarfi yadda zan ji, "A gaya wa mai goyo ga ruwa nan."

Na zaga. Ya tuɓe babbar rigarsa. Ya juya mini baya, ya kama ta da hannu biyu ya buɗe, daga jikin mota zuwa iyakar hannunsa. Tsoho mai furfura, wanda matarsa ke kwance a gindin rumbu tun hantsi ba a rufe ta ba, ya tsaya daga shi sai 'yar shara, ya zama mini bango. Hannuwansa na sama. Bai sauke ba.

Ɗakin da na samu ke nan, daga Keita har Madawa.

Na wanke nono. Na tatse na farko a ƙasa. Na wanke masa gindi da sauran ruwan, a hankali, don fatar ta saɓule. Na sake yagar zanena. Na sa masa a baki.

Ya kama. Ya ja, ya sake ja, ya saki. Na mayar masa. Leɓensa ya motsa, ba ƙarfi. Na matsa masa a kan harshe, yana gangarowa ta gefen baki zuwa kunne. Na yi masa magana a karon farko a inda wani ke ji. Na ce, "Sha mana, baƙona. Ga shi an samu." Baba ya ji. Rigar ta girgiza.

"Ku hau! A tafi!"

A kan motar ban sake rufe komai ba. Na bar nonon a bakinsa a gaban Baba, a gaban mai tabarau, a gaban kowa. Babu wanda ya ce uffan. Da ma tun rana tsaka sunka yi wannan shirun da ruwa a hannu.

Mun shiga Madawa gab da magariba. A gidan likita wata mai farar riga ta karɓe shi, ta ja fatar cikinsa, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta tambaye ni sunansa. Na dubi ƙasa. Ta sake tambaya. Baba ne ya amsa daga bakin ƙofa. Ya faɗi sunan kansa.

Sun yi abin da za su iya, ba zan yi musu ƙarya ba. Washegari da hantsi, daidai lokacin da karnuka sunka fara jiya, ya daina numfashi.

Na goya shi har Galma a kan amalanke. Uwata ce ta kwance majanyin. Ta ga gefen zanena a yayyage, ba ta tambaya ba.

Inna, makiyaya ne sunka rufe ta, an nuna wa Baba wurin daga baya. Rumbunan sun tafi. Tungar ba ta sake tashi ba. Baba bai ga damina ta biyu ba. Mai gidana ya dawo, mun haifi wasu, sun girma, kuma duk inda yunwa ta kama su nan na shayar da su, ko kasuwa ko tasha. Shi ma yanzu ya rasu. Duk waɗanda sunka ci naman sunan yaron nan sun ƙare. Ni kaɗai na san sunan, ni kuwa ba na faɗinsa.

Nonon bai san an rufe yaron ba. Ya yi ta zuwa har watan ya mutu. Kowace safiya sai in tashi in tarar gabana ya jiƙe, in wanke rigar, in shanya a kan darnin uwata.