Shafin da Alhaji Ilu Ke Saurare

Ogechi Nwabueze haifaffiyar Sabon Gari ce, 'yar wata malamar firamare. Sana'arta gina wa 'yan kasuwa shafukan intanet. A waya ta fara koyo, tana bin darussan kyauta da masu sa kai ke rubutawa. Daga baya ta shiga zaman da wasu matasa ke yi duk Asabar a wani bene a Titin Ibrahim Taiwo, inda suke karanta ƙa'idojin da masu wannan aiki a duniya suka amince da su.

Bara ta gina wa Alhaji Ilu, mai atamfa da leshi a Kantin Kwari, shafin shagonsa. Idon Alhaji ya yi rauni sosai, wayarsa ce ke karanta masa rubutu. Babban ɗansa ya fara cewa ya huta a gida. Shi kuwa ya ce muddin ya san abin da ake sayarwa da sunansa, yana nan.

Ran da ta kai aikin, ya bi shafin da yatsa. Wayar ta yi ta maimaita abu ɗaya: hoto, hoto, hoto.

"'Yata, shagona ne wannan ko na mai ɗaukar hoto?"

"Baba, ai duk kayan suna ciki."

"A wajenki suna ciki."



Ranar Asabar ta kai maganar wurin zaman matasan. Habibullah, mai jagorantarsu, ya buɗe mata sashen ƙa'idojin da ya shafi masu larurar gani. Kowane hoto ana ɗora masa gajeren bayani a rubuce, mai ido ba ya ganinsa, amma waya tana karantawa.

Rubuta bayanin ne ya fi wuya. "Atamfa shuɗiya" ta fara sakawa, Alhaji ya ce shuɗayen da ke shagon sun fi a ƙirga. Sai suka raba aikin a kan benci. Ita ta faɗi launi da zane, shi ya murza turmin ya faɗi kauri da sunan da mata ke kiransa. Wayar kuwa gurgunta Hausar take yi.

"Wannan Baturiyar ba ta taɓa shiga Kwari ba," in ji shi. Amma yana ganewa.

Ana cikin haka wata Hajiya daga Rijiyar Lemo ta bugo tana neman wani leshi da ta gani a shafin. Alhaji ya saurari shafin har ya iso kan leshin, ya ce wa ɗansa, "Mai ruwan zuma, na ƙasa daga dama. Miƙo."

Har yau shi ke buɗe shagon. Ogechi kuwa tana rubuta darasin da Hausa domin sababbin shiga, kuma turamen Alhaji ne misalanta.