Baƙin da Suka Zo Neman Ɗan Farina

Ni ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba. Yanzu furfura ta fito masa a gemu, yana da nasa 'ya'yan, amma har yau babu wanda zai ce ya ji sunan nan a bakina. A Rogo aka haife ni, gidan masu shanu, aka kawo ni aure wani ƙauye a ƙasar Kurugu, kuma abin da na tarar iyayenmu suna yi ke nan. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a shiga maganarsa a gaban mutane. In ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi. Na riƙe wannan da kyau, har mata suna kwatance da ni in suna yi wa amare faɗa. Ƙanwar mijina, gwaggonsa, ita ta goya shi, ita ce kuma bakina a kansa. In ina son ya ci abinci sai in ce mata, "Akwai tuwo a kwano, ko wani zai so."

Yaron ya tashi da kai. Ya gama firamare, ya gama sakandare, aka ɗauke shi babbar makaranta a birni, inda ya koyi aikin sakatare. Buga tafireta ne, da wani gajeren rubutu mai kama da sawun kaji a kan yashi. Wani malaminsa ya ce wa Malam, mijina, duniya ba za ta taɓa rabuwa da mai buga takarda ba, duk inda aka buɗe ofis sai an neme shi. Ni ban yi boko ba, amma wannan magana ta shige ni. Na san akwai ofisoshi a Karaye, hedkwatar ƙaramar hukumarmu. Na riga na hango shi yana hawa babur da safe, ya dawo ya yi magariba a masallacin ƙofar gida. Iyakar burina ke nan, in riƙa jin tarinsa a zaure.

Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo. Yatsunsa ba sa zama. Ko hira yake yi sai ka ga suna rawa a kan gwiwarsa, suna buga abin da babu. Ya je Karaye aka ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Da aka yanke wa Rogo tata ƙaramar hukumar muka sa rai, nan ma aka ce ya jira. Ya shiga bas ya tafi Kano, ya bi kamfanoni, ko'ina tambaya ɗaya: ya iya kwamfuta? Ya gaya wa gwaggonsa, ita kuma ta gaya mini, cewa a makarantarsu akwai guda ɗaya a wani ɗaki mai sanyi, an lulluɓe ta da ƙyalle. A shekararsu ta ƙarshe aka shiga da su, aka yaye ƙyallen, suka kalla, aka mayar.

Damina ta zo ya ɗauki fartanya, wata daminar ma haka. Ba na raina noma, shi ya ciyar da mu. Amma da noman za a yi, me ya sa gandu ya yi ta rashin hannunsa duk shekarun nan? Wata rana ina sussukar gero gwaggonsa ta zauna kusa da ni ta ce, "Yaronki ya ce in an yanke dawa bai samu komai ba, zai bi motar shanu ya tafi kudu. Wai akwai abokinsa a can da zai koya masa injin a shago."

Na ce, "Yaron wa?"

Ta ce, "To, yaron maƙwabta."

Na ci gaba da daka, amma taɓaryar ta yi mini nauyi. Na san kudu. Wanda ya tafi yakan zo kowace sallah, daga baya sai babbar sallah kawai, daga baya sai saƙon gaisuwa.

Dawa ta fara nuna ke nan, wata rana da hantsi, sai ga farar mota a ƙofar gidan mai gari. Namiji da mace suka fito, suka ce daga jami'a suke, suka ambaci yaron da sunansa da sunan ubansa. A wurinmu hukuma ba ta zuwa har gida neman mutum da suna sai in kama shi za ta yi ko ba shi wani abu. Waɗannan kuwa da fara'a suka zo. Kafin su ƙaraso labari ya zagaye gari cewa aiki ya biyo shi har gida. Na sa Malam ya yanka zakarana, na dama fura da nonon safe, na fito da kwanukan da ba na fitarwa sai biki.

Aka zaunar da su a zaure, ga Malam, ga dattawan unguwa, ga yaron a ƙasa a gefen tabarma. Ni kuma na ɗauki faifai na koma bayan zanar da ke jikin zauren, wai ina tsintar wake.

Bayan an gaisa an ci, namijin ya fara tambaya. "Abin da aka koya muku, ya yi maka amfani da ka fito?"

Yaron ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Akwai abin da kake ganin an rage ku da shi?"

"Ba laifi, ranka ya daɗe. Malamanmu sun yi ƙoƙari."

"Aiki fa, kana yin wani abu?"

"Ana taɓawa."

Malam ya ƙara da cewa, "Mu dai sai godiya." Dattawa suka amsa.

To me zai ce? Yaro mai tarbiyya ba ya kushe malamansa a gaban ubansa. Ba a kuma yi wa baƙon da ya ci abincinka kukan babu. Ga shi kowa a zauren yana ganin gwada shi ake yi, kuma ba a ɗaukar mai ƙorafi aiki. Ni ma haka na ɗauka, na ce a raina ya amsa daidai.

Can sai macen ta yi sallama ta shigo cikin gida. Yarinya ce mai ladabi, ta cire takalmi, ta durƙusa ta gaishe mu. Matan unguwa sun cika tsakar gida. Ta dube ni ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

Mata suka kwashe da dariya. Gwaggonsa ta ce, "Wannan? Ba ta ma san shi ba, aron turmi ta shigo. Ni ce uwarsa, 'yar nan. Gaya mini, yaushe zai fara? Karaye ne ko Kano?"

Yarinyar ta dubi takardun hannunta. Ta ce, "Gwaggo, ba aiki muka kawo ba. Bincike muke yi. Muna bin waɗanda suka gama manyan makarantu ne, mu ji ko abin da aka koya musu ya dace da aikin da ake nema yanzu da wanda za a nema nan gaba, don a gyara wa masu tasowa."

Gwaggonsa ta ce, "Zakaran fa?"

Ba wanda ya yi dariya. Na ji bakina yana cewa, "Me kuka rubuta a kansa?"

Ta ce, "Abin da ya faɗa. Ya gamsu da karatun, kuma yana da abin yi."

Na ajiye faifan. Ashe wannan takarda za ta koma birni ta gaya wa manya cewa komai daidai ne, a ci gaba da lulluɓe injin da ƙyalle. Na ce mata ta gyara zama. A gaban matan nan duka, ni da ko lafiyarsa ban taɓa tambaya da bakina ba, na zayyana mata komai. Na gaya mata shekarun da ya yi yana koyon abin da ake shirin jefarwa. Na gaya mata zuwansa Kano da dawowarsa da ƙura a ƙafa, da yatsunsa da ke buga gwiwa, da injin da aka nuna musu kamar amarya aka rufe. Na ce, "Waɗanda suka koyar da shi a birni suke zaune. Sun ga abin yana zuwa. Mu da ke nan ina za mu gani? Yarda muka yi muka ba su yaro."

Ta duba takardar ta ce babu gurbin irin wannan amsa, amma ta juya bayanta ta yi ta rubutu. Ban ga laifinta ba, aikin da aka aiko ta take yi.

Da ta gama na ce, "Na ji za a gyara wa masu tasowa. Shi fa, da ya riga ya taso?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Mama, wannan ba a hannuna yake ba."

Suka yi godiya suka tafi. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa wance ta yi maganar ɗan farinta a gaban baƙi, har da ɗaga murya. Wata tsohuwa da na daɗe ina girmamawa ta aiko a tambaye ni ko lafiya. Daga ranar ba a ƙara kwatance da ni ba. Kunyar da na tara tun ina amarya, a zama ɗaya na kashe ta, kuma ban sayi komai da ita ba.

Aka yanke dawa, aka kai rumbu. Ranar da zai tafi ya zo bakin ƙofar ɗakina ya durƙusa. Ya ce, "Inna, Gwaggo ta gaya mini abin da kika faɗa wa baƙin nan."

Na ce, "Gwaggonka ba ta rasa zance."

Ya jima a durƙushe. Na so in ce kada ya tafi. Na riga na yi maganarsa a gaban duniya, amma a gabansa bakin ya ƙi buɗuwa, kuma ko na faɗa, me zan ce ya zauna ya yi? Na ce Allah ya tsare hanya. Gwaggonsa ce ta raka shi bakin titi.

Ya koyi injin a can, a shagon abokinsa, cikin 'yan watanni. Ya samu aiki, ya yi aure, ya zauna. Yanzu ina jin yaran gidan nan suna cewa ko a sakandare ana koyar da kwamfuta. Ko maganata ta bayan takarda ta isa wani wuri, ko tun a mota iska ta ɗauke ta, ban sani ba, babu wanda ya dawo ya gaya mini. Shi dai yana zuwa babbar sallah in ya samu hutu. Ya kwana biyu, in ji tarinsa a zaure, ya koma.