Kwandon Takalma

Abin da na fara gani da na isa wurin shi ne takalma. An jera su a gefen hanya kamar a ƙofar masallaci. Manoman garinmu sun shimfiɗa tabarmi a kan hanyar dam, sun zauna, saboda gonakin da aka karɓe ba a biya ba. Na Baba ne na huɗu daga ƙarshe, takalmin taya da ya ɗinke maɗaurinsa da waya. Ina aji biyar. Inna ce ta aiko ni da kunu kafin in wuce makaranta.

Baba ya kurɓa sau biyu. Daga nesa aka kaɗa ƙararrawar farko. Ya ce, "Tafi, ɗiyata, kar ki makara."

Sai motoci suka iso. Ba a kashe injin ba. Masu bindiga suka diro. Wani ya daka tsawa, "Ku tashi!" Ba wanda ya tashi. Harbin farko kamar an karya busasshen kara. Daga nan ban iya rarrabewa ba.

Baba ya tura ni cikin magudanar ruwan noman rani. "Bi ruwa! Kar ki ɗago!"

Na bi. Azahar ta same ni a gonar albasa tare da matan da ban sani ba. Da la'asar muka ga hayaƙi ta wajen garinmu. Sai bayan kwana biyu na sami Inna a Bakura, gidan ƙanenta.

Ba a ba mu gawa ba. Ladanin garinmu ne ya koma ya kwashe takalman a kwando, ya ajiye a ƙofar masallaci. Duk wanda ya dawo da ransa sai ya ɗauki nasa. Makon farko kwandon ya ragu sosai. Mako na biyu, kaɗan. Daga nan ya tsaya. Da muka koma gida, kullum in an tashi makaranta sai in leƙa. Na Baba yana nan.

Duk shekara in ranar ta zagayo, ladan yakan jera su, a yi addu'a, a mayar. Bana ya ce ya tsufa, gara a ba da su sadaka don masu su. Inna ta yarda. Ta gaji. Ni ma na gaji.

Duk da haka na je, na durƙusa, na gaishe shi. Na ce masa:

"Malam, don Allah a bar na Baba tukuna. Ko zuwa Juma'a."