Likitan Haƙori da Wuƙaƙensa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin matata, wanda duk layinmu ke kira Likita, bayan 'yar gajeruwar jinya a asibiti. Ya ƙare shekarun aikinsa yana duba haƙoran jama'a, amma abin da ya fi zama a bakin mutane game da shi, wuƙaƙen da yake ƙerawa ne a garejin gidansa.

Baba, ka yafe mini. Na zauna in rubuta wannan da fuskar makoki, sai na tarar kusan duk abin da na tuno game da kai murmushi yake sa ni.

Ranar da na fara zuwa gaishe ka a matsayin mai neman 'yarka, na sha sabon ɗinki, na haddace kalamaina tun daga gida. Aka ce in same ka a gareji. Na tarar da kai a kan benci, tabarau a bakin hanci, kana wasa wata doguwar wuƙa a kan dutse. Ka ɗora bakinta a hannunka na hagu, ka aske gashin wurin, sannan ka ɗago ka ce, "Kai ne yaron?" Nan take haddata ta watse. Ka ce, "Miƙo hannunka." Na miƙa, ina karanta abin da ya sawwaƙa a zuci. Ashe tafina kake son aunawa, domin ba ka ƙera wuƙa sai ka san hannun da zai riƙe ta. Ka juya shi sama da ƙasa, ka ce, "Hannun biro ne. Ba komai, za mu yi maka ƙarama." Daga baya matata ta gaya mini cewa a wurinka wannan shi ne amincewa.

Garejin nan mota ba ta taɓa kwana a cikinsa ba. Tana waje, rana da ruwa suna dukanta, kai kuwa ka cika ɗakinta da gawayi da guduma da awartaki, da tsofaffin ƙarafan sifirin mota da kake roƙo a wurin makanikai, da ƙahoni da guntayen katako da ka jera suna bushewa. Da zarar ka dawo daga asibiti, ka cire farar riga, ka ɗaura wani tsohon bante na fata duk ƙuna, sai a ji guduma. Ka kan ce haƙori da wuƙa aikinsu ɗaya, bambancin kawai wuƙa ba ta ihu idan ana gyaranta.

Umma, matarka, ita ta fi kowa shan wahalar wannan sha'awa. Man suyarta kake ɗiba ka tsoma jan ƙarfe a ciki. Murhun da take gasa kek a ciki, nan kake jera ruwan wuƙaƙe su sha zafi a hankali don kada su yi saurin karyewa. Akwai ranar da ta yi baƙi, ta buɗe murhun da kwaɓinta a hannu, ta tarar da wuƙaƙe kwance a ciki. Ta tsaya a ƙofar gareji ta ce, "Likita, ka zo ka ba baƙina nasu, sun nuna." Ka fito kana ba da haƙuri, ka yi alkawarin ba za ka sake ba, dukanku kuwa kun san za ka sake. Ita ma ba ta bar ka haka ba: duk wuƙar kicin da ka ƙera mata sai ta goge ta adana a durowa, ta ci gaba da yanka albasa da tsohuwar wuƙarta ta kasuwa mai ƙotar roba. Ka sha zuwa mini da ƙarar wannan cin fuska.

Wuƙaƙenka na shiga daji ne da bakin ruwa: na abokan kamun kifinka, na mafarauta, na masu lambu. Ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba. Ka kan daɗe a kan guda, ka goge ta da samfefa tun daga mai kaushi har mai laushi, ka shafe ƙotar da kakin zuma, ka ɗinka mata kube da hannunka, sannan ka miƙa wa mai ita kana jero masa aibobinta da shi ba ya gani.

Amma abin da nake so a sani game da kai shi ne labarin maƙwabcinka Direba. Shi da ƙanensa sun gaji lambu daga mahaifinsu, suka raba, sai rigima ta tashi a kan wata tsohuwar bishiya da ke daidai kan iyaka. Magana ta yi tsami har suka daina gaisawa, har ƙanen ya daina bin layin. Ana cikin haka wata rana da la'asar Direba ya shigo gareji, ina nan ina riƙe maka katako, idanunsa jajur. Ya ce yana son wuƙa, doguwa, ta aikin lambu. Na zaci za ka hana shi, na kuma san idan ka hana, kasuwa ba ta da nisa.

Sai ka ce, "Za a yi. Amma idona ya yi rauni, gugar ƙarshe kai za ka yi da kanka."

Ka ƙera ruwan wuƙar, ba ka yi mata kaifi ba, ka zaunar da shi da samfefa. Kullum ya tashi daga aiki sai ya zo ya yi ta guga. Idan ya ce ya gama, ka ɗaga ta a haske, ka girgiza kai ka ce, "Da sauran ƙarce." Shi kuwa yana guga yana magana. Da farko zagin ƙanensa yake yi. Da aka kwana biyu zagin ya koma ƙorafi. Daga nan ya fara ba mu labarin yadda ƙanen ya faɗo daga bishiyar nan suna yara, ya goyo shi har gida, kuma shi Direban aka daka. Ranar ya yi dariya har da hawaye.

A ranar ce ka ce masa wuƙa irin wannan ba ta dace da kowane katako ba, sai busasshen reshe daga bishiyar mahaifinsa. "Sai dai ba na aiki da itacen da ake rigima a kansa," ka ce. "Sai ɗan'uwanka ya yarda." Direba ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke hannunsa. Ya ce, "Likita, ka san abin da ya kawo ni tun farko." Ka ce, "Ni wuƙar lambu na ji an ce."

Washegari ka aike ni wurin ƙanen. Ya zo da reshen a kafaɗa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga. Ka ce masa zarto ba ya aiki sai an danne itace, ya shigo ya riƙe gefe ɗaya, wansa ya riƙe ɗayan. Reshen ya isa ƙota biyu. Ka ƙera wa ƙanen tasa, ka gajarta ta Direba har suka zo daidai. Bishiyar tana nan har yau, 'ya'yansu duka suna hawanta. Ba ka taɓa ba kowa wannan labari ba, kuma da izinin Direba na rubuta shi.

Ko a gadon asibiti halinka bai bar ka ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo yanka bandeji, almakashinta yana tauna shi. Ka karɓa, ka duba bakinsa, ka dube ni ka ce, "Gobe ka zo mini da ƙaramin dutsena." Na kawo. Ka wasa mata shi a kan tire, kafin yamma abokan aikinta sun yi layi da nasu. Wannan ne aikinka na ƙarshe.

A kwanakin zaman gaisuwa mun ga abin da ba mu taɓa gani ba. Mutane suna zuwa, wasu ba mu san su ba, idan sun yi addu'a sai su buɗe jaka su fito da wuƙa cikin kubenta, su nuna wa Umma, su faɗi yadda aka yi ka ba su. Wani tsohon masunci ya ce da tasa ya yanke igiyar da ta naɗe masa ƙafa a ruwa. Wata mai lambu ta ce ka sake mata ƙota saboda ka lura bahaguwa ce. Falo ya cika da mutane riƙe da makamai, ba wanda ya razana. Umma ta share hawaye ta ce, "Ashe nan man suyata ya tafi."

Baba, na shigo gidanka ina tsoronka, ka riƙe ni riƙon ɗa. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Zumuncin da ka ɗinke ba tare da ka nemi a gode maka ba, Allah Ya sa ka same shi a mizaninka, Ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma, da matata da yayyenta da ƙannenta, da jikokinka, da abokan kamun kifinka, da maƙwabtan da yanzu la'asar ke yi musu shiru da yawa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.