Ranar da Muka Kai Taki Aka Shimfiɗa Mana Tabarmar Makoki

Kafin in fara, ina neman afuwa. Tafiyar ba ta daɗe ba, amma abin da ya faru a tsakiyarta ya rikita ni har wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Abin da na tabbatar zan faɗa kai tsaye, inda nake kokwanto kuma zan ce ina kokwanto.

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku a gaban wata tsohuwar a-kori-kura: ni, da direba, da wani dattijo tsohon soja mai kula da harkokin 'yan mazan jiya a ofishin ɗan majalisar da nake wa aiki tun da na gama bautar ƙasa. Honorabul, kamar yadda muke kiransa, mutum ne da maganar soja ba ta barin bakinsa. In ya miƙe a majalisa, ko dai fanshon tsofaffin sojoji ne, ko haƙƙin iyalan waɗanda suka kwanta dama, ko kayan aikin waɗanda ke bakin daga. Wasu na cewa siyasa ce, ni dai ban shiga zuciyarsa ba. Bana da damina ta faɗi, ya ce a kai wa iyayen sojoji taki da shinkafa, tunda 'ya'yan da za su kama musu noma suna can Arewa maso Gabas suna gadin gonakin wasu.

A Bichi muka karya. Direba ya ɗaga burodin da aka miƙo masa ya ce yana hango ni ta cikinsa, mai shayi ya ce ya gode wa Allah da har akwai abin ɗagawa. Man fetur kuwa wajen 'yan bumburutu na bakin hanya muka saya, kuma daga nan duk gangaren da muka samu sai direba ya kashe mota ya bar ta ta kai kanta. Na nuna masa cewa wataƙila hakan na da haɗari. Ya ce yunwa ta fi.

Daga Bichi zuwa Bagwai ido ba ya samun fili ko guda da ba a taɓa ba. Gona na jingine da gona, ɗorawa da gawo tsaye a tsakani, shanun huɗa na kai da komo, jakuna ɗauke da mangalar takin gida saboda na zamani ya fi ƙarfin talaka. Gidajen farko ba mu sha wahala ba, don dattijon namu ya san su, a bakin gona ma muka tarar da mafi yawan masu su. Aka yi ta sa albarka, wata tsohuwa ta cika mana leda da rogo da ƙuli.

Bayan azahar muka isa ƙauye na ƙarshe, can kusa da madatsar ruwan Watari, gidan mahaifin wani kofur mai suna Sadisu. Babu wanda ya san gidan a cikinmu. Na ce ladabi shi ne mu fara gaida mai unguwa, kada a ce baƙi sun shigo gari da kaya ba sallama. Duka suka yarda. Muka same shi a zaure, na ce masa daga ofis aka aiko mu gidan mahaifin Sadisu soja. Ya dubi hular soja da dattijonmu ba ya rabuwa da ita, ya leƙa ya dubi buhunan da ke bayan mota. Sai ya aika a kira liman.

Ni na ɗauka karramawa ce. Lungun ya yi wa mota kaɗan, muka taka a ƙasa, mai unguwa da liman a gaba, mu a baya. Mutane suka riƙa ajiye fartanya suna biyo mu, babu mai magana. Har na raɗa wa direba cewa ban taɓa ganin gari mai natsuwa irin wannan ba. Muna isa ƙofar gidan na ji salatin mata daga ciki, na ga an riga an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. A nan dattijon namu ya damƙi hannuna ya ce, “Malam, mun yi ɓarna.”

Ashe a wannan yanki, tun da yaƙin nan ya fara cin 'ya'yansu, hanyar kawo labarin rasuwar soja ke nan. Baƙi su zo da mota, da mai kayan sarki a cikinsu, su fara da mai unguwa, a kira liman ya raka su. Buhun shinkafa kuma gudummawar zaman makoki ce. Duk mun cika sharuɗɗan ba mu sani ba.

Mahaifin ya fito, tsoho ne dogo, siriri, da laka a ƙafafunsa. Ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye mu gajiya, ya zauna ya juya tafukansa sama yana jiran liman ya buɗe addu'a. Na durƙusa a gabansa ina in'ina, na ce taki muka kawo, ba mu zo da labarin rasuwa ba.

Ya sauke tafukansa. Ya ce, “To, ɗan nan, ka zo da labarin rai?”

Ban taɓa ganin Sadisu ba, ban san inda yake ba. Mai unguwa ya ce rabon gidan da jin muryarsa tun kafin azumi, don inda aka kai su babu sabis. Dattijonmu ya ce da wani abu ya faru ba mu za a aiko ba, amma da liman ya tambaye shi ko labari kan yi jinkiri, ya sunkuyar da kai ya ce yakan yi. Direba ya yi ta zungurina wai in ce yana nan lafiya kowa ya huta. Na so in faɗa, Allah ya sani. Amma in na faɗa, gobe wata motar ta zo fa? Na ce, “Baba, ban sani ba.”

Ya ce ya gode da na faɗi gaskiya. Ya ce kada a sauke buhu ko ɗaya, don ba zai zuba wa gonarsa abin da bai san ko na ta'aziyyar ɗansa ba ne. Daga ciki aka leƙo aka ce matar Sadisu ta riga ta cire 'yan kunne da awarwaro, tana tambaya ko ta fara takaba. Tsohon ya ce a ce mata ta dakata.

Wuri ɗaya ake samun sabis, a kan tudun madatsar ruwa. Can muka nufa, ni da tsohon da dattijonmu, rabin gari na biye da mu daga nesa. Na kira Honorabul, duk da ban taɓa kiransa da kaina ba. Ina jin yana cikin taro ne, na ji hayaniya, sannan na ji an rufe ƙofa. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ba. Ya ce in ba shi baban, ya ba shi haƙuri, ya ce laifin ofishinsa ne. Ya karɓi sunan yaron da rundunarsa daga bakin tsohon, ya ce kada mu bar wurin.

Muka zauna a kan duwatsu. A ƙasa masu shinkafa na dashe, wani mai kwalekwale na jan koma. Muka yi la'asar a nan. Tsohon bai yi maganar ɗansa ba ko sau ɗaya, sai nuna mini yake inda gonar kakansa take kafin ruwa ya cinye ta. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai hannunsa ya tsaya a iska. Mahaifiyata ma ta kira tana tambaya ko na ci abinci, ban taɓa katse ta da sauri irin na ranar ba.

Rana ta yi ja sosai lokacin da baƙuwar lamba ta shigo. Wani hafsa ne, ya ce in riƙe. Sai wata murya can nesa, iska na yanka ta, tana cewa, “Baba? Baba, lafiya?”

Tsohon ya karɓi wayar da hannu biyu. Na zaci zai yi kuka ko ya ba shi labarin tabarmin. Ya gyara murya ya ce, “Lafiya ƙalau. Sadisu, an yi ruwa. Mun shuka ta bayan gida.” Ya saurara kaɗan, ya ce kowa na gaishe shi, ya riƙe salla, Allah ya tsare. Ya miƙo mini wayar ya ce in kai wa matar da gudu kafin ta yanke. Na ce ai sabis ɗin ba ya sauka daga tudun. Sai ga ta, ashe tana bayanmu tun ɗazu cikin mata.

Da ta gama magana, tsohon ya yunƙura zai miƙe. Dattijonmu ya cire hular sojansa ya cusa a aljihu, ya tallabe shi, suka gangara tare.

A kan tabarmin da aka shimfiɗa don makoki muka sha fura, liman ya yi addu'ar da ba ita ya zo yi ba. Tsohon da kansa ya ɗauki buhun takin farko, ya ce a gaya wa Honorabul in zai sake aike ya fara turo mai babur ya ce alheri ne.

Mun iso Kano lafiya, direba na ta tsokanata da “gari mai natsuwa”. Na isar da saƙon. Honorabul ya ce zai kai maganar majalisa, a samar wa iyalan sojoji hanyar jin muryar 'ya'yansu ko sau ɗaya a wata. Ko zai yiwu, ban sani ba, kuma ba na son in yi alkawari da bakin wani. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a gidan da aka ba da ɗa ga yaƙi, taki da shinkafa na da amfani, amma abin da ake kwana ana jira shi ne a ce yana nan.

Waɗanda suka halarta, in na yi kuskure a wani wuri ku gyara mini, zan karɓa. Kuma matar Sadisu ta ce ya yi mata alkawarin neman hutu lokacin girbin gero. Duk wanda ke kusa da garin, in ya ga Sadisu ya sauka daga mota da ƙafafunsa, don Allah ya sanar da ni.